Yadda Ake Mayar da Raspberry Pi Kwamfutar Aiki da Ake Ɗauka a Jaka

A Maradi da wuya a shiga ofis ko shagon buga takardu, ko ma falon gida, a rasa talabijin ko allon kwamfuta, kuma wannan ne ya sa ƙaramar kwamfutar da ake kira Raspberry Pi take da amfani a wajenmu fiye da yadda girmanta yake nunawa. Faranti ne guda mai tsawon milimita 85 da faɗin milimita 56, wato kusan girman katin banki, amma a kansa aka dasa ƙwaƙwalwar sarrafa aiki da ma'ajiyar RAM da kafofin USB da na HDMI, waɗanda ake haɗa allo da su, da na'urar kama Wi-Fi. Wata gidauniya da ke Kambirij a Ingila ce ta fitar da samfurin farko a watan Fabrairu na 2012 domin koya wa yara ilmin kwamfuta, daga baya kuma na'urar ta yi ƙarfin da za a rubuta takardu da ita, a yi lissafi, a shiga intanet, a kalli bidiyo. Dabarar da wannan bayani ya ginu a kanta ita ce mutum ya ɗauki kwamfutarsa da dukkan takardunsa a jaka, ya aro allo a duk inda ya sauka.

Kafin a kashe ko dala, ya kamata a auna ko hanyar ta dace da mai ita. Ƙwaƙwalwar Raspberry Pi irin ta ARM ce, dangin wadda ke cikin wayoyin hannu, saboda haka manhajojin Windows da aka saba da su ba sa tashi a kanta, kuma wanda aikinsa ya rataya a kan wata manhajar lissafin kuɗi ko ta zane da aka yi domin Windows kaɗai gara ya haƙura tun yanzu. Haka nan wanda zai sayi allo na tafi-da-gidanka da batir da madannai duka sababbi, idan ya tara kuɗin zai iya tarar da cewa kwamfutar cinya ta hannu da ake sayarwa a kasuwa ta fi masa sauƙi. Waɗanda abin ya fi yi wa rana su ne ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da ke da talabijin a ɗaki, da malamin makarantar da aka tura wani gari kamar Madarunfa ko Gidan Rumji yana dawowa gida ƙarshen mako, da mai shago da ke aiki da hasken rana yana lissafin kowane wat da yake ƙonawa.

Zaɓen na'ura da kayan haɗi

Samfura biyu ne suka cancanci a duba. Raspberry Pi 4 ya fito a watan Yuni na 2019, Raspberry Pi 5 kuma a watan Oktoba na 2023, kuma na biyun ya ninka na farkon sauri har fiye da sau biyu. Duk da haka, ga wanda zai riƙa aiki da batir a garinmu, ni na fi karkata ga Pi 4 mai RAM giga 4 ko 8, domin ya fi ƙarancin cin wuta, bai kai na 5 zafi ba, kuma yana da kafar abin saurare ta milimita 3.5 wadda aka cire a na 5. Wanda yake da tsayayyiyar wuta, yana kuma buɗe shafukan intanet da yawa a lokaci guda, shi ne zai ji daɗin Pi 5. Mai giga 1 ko 2 bai isa aikin tebur ba, komai arharsa. Akwai kuma Pi 400 na 2020 da Pi 500 na ƙarshen 2024, waɗanda aka saka kwamfutar a cikin allon madannai kanta, kuma ga mai yawan tafiya wannan ya rage masa kaya guda, sai dai a lura da jerin haruffan, domin mai tsarin AZERTY na Faransanci daban yake da mai tsarin QWERTY da ake shigowa da shi ta Katsina da Kano.

Bayan farantin ana bukatar katin microSD, da caja, da igiyar HDMI, da allon madannai da linzami, da akwati mai fanka. Wajen igiya ne mutane da yawa suke yin kuskure, domin kafofin da ke jikin Pi 4 da Pi 5 ƙanana ne ƙwarai, irin da ake kira micro-HDMI, kuma sun bambanta da mini-HDMI da ta ɗan fi su girma. A sayi igiya mai micro-HDMI a kai guda da cikakkiyar HDMI a ɗaya kan, kuma ta fi ƙaramin kan haɗi da ake maƙalawa, wanda nauyin igiya yake sa ya girgiza kafar har ta sake. Tun da tsofaffin allunan ofisoshi da yawa kafar VGA mai launin shuɗi kaɗai gare su, yana da kyau a ƙara da na'urar juya HDMI zuwa VGA a cikin jaka.

Wuta, wadda ita ce uwar aikin

Mafi yawan abin da ake ɗora wa Raspberry Pi laifinsa, kamar tsayawa cak ko mutuwa ba gaira ba dalili ko lalacewar kati, daga caja yake fitowa. Pi 4 yana bukatar bolt 5 da amfiya 3 ta kafar USB-C, kuma cajar kamfanin tana ba da bolt 5.1 domin cike abin da igiya take sha a hanya. Pi 5 yana son bolt 5 da amfiya 5, kamar yadda cajar kamfanin mai wat 27 take bayarwa, kuma idan aka ba shi mai amfiya 3 zai tashi ya yi aiki, amma zai taƙaita wutar da yake bai wa kafofin USB zuwa miliamfiya 600, wadda ta ishi madannai da linzami amma tana iya gaza wa faifan ajiya na waje. Abin da ya kamata a fahimta shi ne cajar waya mai saurin caji, ko da an rubuta wat 33 ko 65 a jikinta, tana kai wa ga wannan adadi ne ta hanyar ɗaga bolt zuwa 9 ko 12 ko fiye, alhali Pi bolt 5 kawai yake karɓa. Saboda haka a juya cajar a karanta ƙananan rubutun da ke bayanta, a nemi layin da ya fara da 5V a ga amfiya nawa aka rubuta a gabansa, domin wannan layin kaɗai ne ya shafe mu.

Igiyar wutar ma tana da nata rabon. Siririya mai tsawo tana rage ƙarfin wutar kafin ta isa, kuma da zarar ta sauka ƙasa da kimanin bolt 4.63 na'urar za ta fito da gargaɗi a saman allo ta kuma rage saurinta. A nemi gajeriyar igiya mai kauri. A kuma duba bakin cajar kafin a biya, domin wadda aka sayo daga Najeriya sau da yawa mai ƙafa uku ce irin ta Ingila, alhali soket ɗin gidajenmu na ƙafa biyu ne masu zagaye, sai a haɗa da abin juya baki mai riƙewa da kyau.

Gwada kati da zuba babbar manhaja

Katin microSD shi ne rumbun na'urar, a cikinsa babbar manhaja, wato wadda take tafiyar da na'urar baki ɗaya, da takardu suke zama. A sayi mai giga 32 ko 64 da ke ɗauke da alamar A1 ko A2, wadda ke nuna an yi shi domin gudanar da manhajoji. Katunan jabu sun cika kasuwa, kuma dabarar masu yin su ita ce a sa kati mai giga 8 ya riƙa shelar cewa giga 64 ne, yana aiki lafiya har ranar da ya cika ya fara taka tsofaffin takardu da sababbi. Kafin a amince da shi sai a gwada shi da manhajar H2testw a kwamfuta mai Windows, ko f3 a kan Linux, waɗanda suke cika katin da bayanai su sake karantawa su faɗi ainihin girmansa. Gwajin yana ɗaukar lokaci, amma ya fi a wayi gari kundin kammala karatu ya salwanta.

Mataki na gaba yana bukatar aron wata kwamfuta mai intanet, sau ɗaya tak. A shiga shafin raspberrypi.com a sauko da manhajar Raspberry Pi Imager a girka ta, a saka katin ta na'urar karanta kati, sa'annan a buɗe manhajar. Za ta nemi abubuwa uku a jere: samfurin na'urar, babbar manhajar da ake so, da katin da za a rubuta a kai. A zaɓi Raspberry Pi OS mai 64-bit, wadda aka gina a kan Debian, wani nau'i na babbar manhajar Linux, kuma a cikin nau'o'inta a ɗauki wadda aka rubuta wa Full, domin ita ce take zuwa da LibreOffice a ciki, wato kunshin manhajojin rubuta takardu da lissafi, ba sai an sake saukowa da shi ba. Nau'in Lite ba shi da fuskar tebur sam, wato fuskar hotuna da ake bi da linzami, rubutun umarni ne zalla. Wajen zaɓen kati a nutsu ƙwarai, a cire duk wani makullin USB da ke jikin kwamfutar, domin abin da aka zaɓa za a share shi ƙaf.

Kafin ta fara rubutawa, manhajar tana ba da damar saita sunan mai amfani da kalmar sirri da sunan Wi-Fi da yankin lokaci. A cike su a nan, a sa lokaci a kan Africa/Niamey, ƙasar Wi-Fi kuma NE. Tun shekarar 2022 aka daina zuwa da tsohon suna da kalmar sirri da kowa ya sani, don haka dole ne mutum ya ƙirƙiri nasa ya kuma riƙe shi. Fayil ɗin babbar manhajar yana da nauyin da ya wuce giga guda nesa, saboda haka idan abokai da dama za su haɗa nasu, mutum ɗaya ya sauko da shi daga shafin ya ajiye a makullin USB, sauran su rubuta shi ta zaɓin Use custom da ke ƙasan jerin, ba tare da kowa ya ƙona nasa kuɗin intanet ba. A bar manhajar ta gama tantance abin da ta rubuta kafin a zare katin.

Kunnawa ta farko

A saka farantin a akwatinsa, a tura katin a raminsa da ke ƙasa, a haɗa madannai da linzami a kafofin USB baƙaƙe, a bar shuɗayen masu sauri domin faifan ajiya. Igiyar allo ta shiga kafar HDMI da ke kusa da kafar wuta, wadda aka yi wa lamba 0. A kunna talabijin a kai shi tashar HDMI da aka haɗa, sa'annan a sa wuta a ƙarshe, domin na'urar tana tambayar allo girmansa ne a lokacin da take tashi, kuma idan ba ta same shi a kunne ba hoton yana iya fitowa a gurguje ko ya ƙi fitowa. Tashin farko yana ɗan jinkiri, na'urar tana iya sake kunna kanta, kuma wannan ba matsala ba ce.

Idan tebur ya bayyana, a shiga saituna a mayar da harshen na'urar Faransanci ga wanda ya fi sakewa da shi, a kuma tabbatar tsarin madannai ya dace da wanda ke gabansa, ta hanyar buga harafin farko na layin sama a ga ko A ya fito ko Q. Daga nan a buɗe tagar umarni, wadda ake kira Terminal, a rubuta `sudo apt update` a jira ta gama, sa'annan `sudo apt full-upgrade` domin sabunta komai. Wannan sabuntawa tana iya cin ɗaruruwan mega, kuma bai kamata wuta ta yanke a tsakiyarta ba, don haka a yi ta a kan batir ko a lokacin da aka tabbatar da wutar.

Mai rubutu da Hausa yana da ƙarin aiki guda, wato haruffa masu lanƙwasa. A cikin LibreOffice ana buga lambar harafin sa'annan a danna Alt da X tare, sai lambar ta rikiɗe ta zama harafi: 0199 tana ba da ƙ, 0257 tana ba da ɗ, 0253 tana ba da ɓ, 01B4 kuma tana ba da ƴ da ake amfani da shi a rubutun Nijar. Manyansu su ne 0198 da 018A da 0181 da 01B3. Idan lambar ta biyo bayan wani harafi kamar a ko e ba tare da tazara ba, a fara ta da U+ domin kada manhajar ta haɗa su. Wannan hanya tana da wahala ga mai dogon rubutu, shi ya sa ya fi kyau a ƙara tsarin madannai na Hausa da ke cikin jerin tsare-tsaren Najeriya a saitunan Linux, a gwada maɓallan ɗaya bayan ɗaya a rubuta inda kowane harafi yake a manna a gefen madannai. A zaɓi salon rubutu irin su DejaVu ko Noto, waɗanda suke ɗauke da haruffan, kuma duk takardar da za a kai shagon bugawa a mayar da ita PDF tun daga gida, domin ta fito yadda aka tsara ta.

Intanet da agogo

Hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe rabon intanet na Wi-Fi a wayar hannu, na'urar ta kama shi kamar kowane Wi-Fi. Ana iya haɗa wayar Android da igiyar USB ma, amma a lokacin wayar tana jan caji daga jikin Pi, abin da yake jawo gargaɗin ƙarancin wuta. Manhajojin shiga intanet, wato Chromium da Firefox, suna buɗe wasiƙun intanet da WhatsApp Web da sauran shafuka, sai dai a tuna cewa shafukan kwamfuta sun fi na waya cin mega. Wanda yake yawan zama inda layi ba ya kamawa zai amfana da Kiwix, wadda take ajiye Wikipedia ta Hausa ko ta Faransanci a kan na'ura a karanta ba tare da intanet ba.

Pi 4 ba shi da agogo mai batir, daga intanet yake ɗaukar lokaci, don haka idan ya kwana biyu a jaka zai farka da tsohon kwanan wata, kuma wasu shafuka za su ƙi buɗewa har sai agogon ya daidaita. Yawanci yana gyara kansa jim kaɗan bayan ya sami intanet. Inda babu, ana saita shi da hannu da umarnin `sudo date -s` a bi shi da kwanan wata da sa'a. Pi 5 yana da agogon a jikinsa, ƙaramin batir kawai ake saya a maƙala masa.

Zafi da ƙura

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maradi yake haura digiri 40 a inuwa, na'urar tana farawa ne daga inda takwarorinta na ƙasashen sanyi suke ƙarewa. Idan ƙwaƙwalwarta ta kai digiri 80 sai ta fara rage saurinta da kanta, a 85 kuma ta rage sosai domin kare kanta, mai aiki kuwa sai ya ga komai ya yi nauyi bai san dalili ba. Umarnin `vcgencmd measure_temp` yana nuna zafinta a take, shi kuma `vcgencmd get_throttled` idan ya ba da 0x0 to babu matsalar wuta ko ta zafi tun da aka kunna ta, idan kuwa ya ba da wata lamba daban to ɗayan biyun ya faru. Pi 5 ba ya yin aikin tebur a nan sai da fanka. Ga Pi 4 kuwa na fi son akwatin alminiyam mai kauri wanda jikinsa gaba ɗaya yake shan zafin, saboda ba shi da fanka da za ta zuƙo ƙurar hunturu ta cusa a ciki, ba shi kuma da ƙara. Akwatin roba rufaffe marar fanka shi ne mafi muni. Mai fanka ya riƙa buɗe akwatin lokaci lokaci, bayan ya cire wuta, yana share ƙurar da busasshen buroshi mai laushi, kuma kada a ɗora na'urar a kan katifa ko darduma ko bayan talabijin inda iska ba ta ratsawa.

Aiki da batir

Lissafin batir ba shi da wuya. Ma'ajiyar caji mai 20000 mAh tana ɗauke da kimanin awa-wat 74, domin ana ninka amfiya-awa 20 da bolt 3.7 na ƙwayoyin da ke ciki, kuma bayan asarar juya wutar zuwa bolt 5 abin da zai rage ya kusa 60, in dai adadin da aka rubuta a jikinta gaskiya ne. Pi 4 yana cin kimanin wat 3 idan yana zaune, ya kai 6 ko 7 idan aiki ya yi nauyi, saboda haka shi kaɗai zai yi yini ana aiki. Da zarar an ɗora ƙaramin allo na tafi-da-gidanka a kan batirin guda, lokacin yana iya raguwa zuwa rabi ko ƙasa. A tabbatar ma'ajiyar tana ba da amfiya 3 a bolt 5, a kuma gwada abu guda kafin a dogara da ita: a kunna Pi a kanta, a sa ta a caji, a zare cajin. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke wuta na ƙiftawar ido a wannan lokaci, wanda ya isa ya kashe na'urar. Mai fanel ɗin hasken rana da batir na bolt 12 ba ya bukatar inbata, ƙaramar na'urar sauke wuta daga bolt 12 zuwa 5 mai amfiya 3 ko 5 ta wadatar, kuma idan talabijin ɗinsa ma na bolt 12 ne to tebur ya kammala.

Amfanin batir bai tsaya ga tafiya ba. Yankewar wuta a lokacin da na'urar take rubutu a kan kati ita ce babbar hanyar lalacewar katin, don haka ko a gida ya fi aminci a bar batir a tsakani. Saboda wannan dalili ne kuma ba a zare igiya domin kashewa. A bi ta jerin zaɓi a danna kashewa, ko a rubuta `sudo poweroff` a tagar umarni, a jira koren fitilar ta daina ƙyaftawa, sa'annan a cire wuta. Pi 5 yana da maɓallin kashewa a gefensa, wanda dannawa ɗaya take fito da zaɓin.

Kwafi da shirya jaka

Bayan an gama saita komai yadda ake so, a sayi kati na biyu a gwada shi kamar na farko, a saka shi ta na'urar karanta kati, a buɗe manhajar SD Card Copier da take zuwa da tsarin, ta kwafe katin farko gaba ɗaya. Ranar da na farko ya ƙi tashi sai a musanya a ci gaba da aiki cikin minti biyu. Takardun da ake rubutawa kullum kuwa a riƙa kwafe su a makullin USB duk ƙarshen mako, kuma kada a ajiye makullin a jaka ɗaya da na'urar. Wanda aikinsa ya yi yawa zai iya kwafe tsarin da wannan manhaja zuwa faifan SSD, ya haɗa shi a shuɗiyar kafar USB ya cire katin, na'urar ta riƙa tashi daga faifan, wanda ya fi kati sauri da juriya, sai dai yana ƙara cin wuta.

A jakar kanta, na'urar ta shiga ƙaramar aljihu mai zik ita kaɗai, nesa da makullai da tsabar kuɗi da za su iya shiga kafofinta. A zare dukkan igiyoyi kafin a ɗaga, musamman ta micro-HDMI, domin girgizar kabu-kabu a kan hanya tana iya karya kafar idan igiya tana ciki. A naɗe igiyoyin a ɗaure kowace da roba, a sa katin kwafi a ƙaramar leda a wata aljihu daban, kuma a lokacin damina a nannaɗe komai a leda mai kauri. Idan an isa masauki bayan doguwar tafiya a rana, a bar na'urar da batirin su huce a inuwa na ɗan lokaci kafin a nemi izinin mai gida a zare igiyar dikodarsa a haɗa tata.